Kumburin pankireyas ga yara: fitsari zai iya maye gurbin jini?

Idan aka kai yaro likita yana murƙususun ciwon ciki da amai, zazzaɓin cizon sauro ko tsutsar ciki ake fara zato. Ba kasafai hankali ke kaiwa ga pankireyas ba, wato gaɓar nan da ke bayan tumbi, mai samar da insulin da ruwan narkar da abinci. Alhali tana kumbura ga yara ma: bayan ƙahon keke ya daki ciki, ko hangum, ko shan maganin farfaɗiya Dépakine, ko tsakuwar matsarmama, wadda ta yawaita ga masu sikila.

Kafin likita ya tabbatar da cutar, sai alamu biyu cikin uku sun haɗu: irin ciwon cikin, hauhawar sinadarin lipaz ko amilaz cikin jini har ninki uku, da hoton eko ko sikana. Biyun ƙarshe aikin manyan asibitoci ne irin na Yamai, Maraɗi da Damagaram. CSI na ƙauye galibi ba ta da ko ɗaya.

Shi ya sa awon fitsari ke jan hankali. Wani ɗan tsinke ne da aka ƙera a Finland, ana tsoma shi cikin fitsari, bayan minti 5 ya nuna ko sinadarin tiripsinojen-2 ya yi yawa. Babu allura, babu kukan yaro, babu neman jijiya a hannun da amai ya busar. Duk ma'aikacin da ya saba awon palu na gaggawa zai iya.

Sai dai alƙaluma na neman a bi sannu. Binciken Helsinki na 1997, kan majinyata 500, ya nuna tsinken na gano kashi 94 cikin 100 na masu cutar. Da ƙungiyar Cochrane ta tattara bincike daban-daban a 2017, adadin ya sauko zuwa 72. Ke nan cikin majinyata huɗu, ɗaya na iya kuɓucewa. Kuma akasarin waɗanda aka auna manya ne. Amfanin tsinken, saboda haka, shi ne gaggauta tura yaro babban asibiti. Sallamar sa gida don layi bai fito ba ganganci ne.

Saura batun kuɗi. Maganin kyauta na yara da Nijar ta kafa a 2006 ya tsaya ga ƴan ƙasa da shekara 5. Ɗan shekara 10 da ya faɗo daga keke, iyayensa ne za su biya.