Tankin man kwale-kwale: dalilin da ya sa roba ta fi ƙarfe

Duk wanda ya taɓa hawa kwale-kwale mai inji a Yawuri ko Lakwaja ya san inda man yake zama: daf da ƙafafun fasinjoji. Idan tankin ya fara yoyo, masu jirgi da yawa wajen mai walda suke nufa a haɗa musu na ƙarfe, don a ganinsu ya fi ƙarko. A ra'ayina, ƙaramin jirgi mai inji a baya ba abin da ya dace da shi kamar tankin roba da aka ƙera musamman domin fetur.

Matsalar ƙarfe daga ciki take farawa. Danshi yana shiga tanki, kuma ruwa ya fi fetur nauyi, don haka a ƙasa yake kwanciya yana cin ƙarfen. Kana ganin fenti fes a waje, alhali garin tsatsa na kan hanyar toshe kafireto. Injin mota ya mutu, sai ka gangara gefen titi. A tsakiyar kogin Neja kuwa, ga lodi ga igiyar ruwa, babu gefen da za ka gangara.

Alminiyam ya fi dama, musamman samfurin 5052 da masu ƙera tankunan jiragen ruwa suke amfani da shi. Sai dai shi ma yana hujewa idan ruwa ya daɗe a ƙarƙashinsa, ko aka ɗaura masa bututun tagulla kai tsaye. Sannan mu tuna watan Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo Najeriya da fetur mai yawan sinadarin methanol. Wannan sinadari yana cin alminiyam.

Robar HDPE, wadda ake yi wa alamar lamba 2 cikin kusurwa uku, ba ta tsatsa, kuma babu layin walda da zai buɗe. Amma a kula: jarkar man girki ma yawanci HDPE ce, kuma ba tanki ba ce. Jikinta siriri ne, ba ta da mashaƙar iska, ba ta da mahaɗin tiyo mai rufe kansa. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana taruwa a ƙasan jirgi, ƙyastun ashana ɗaya ya ishe shi.

Roba tana da nata raunin. Rana tana sa ta bushe ta tsage, tana kumbura da zafi, wuta kuma tana narkar da ita. Babban jirgi mai shan dizal da ke buƙatar tanki daidai da siffarsa, alminiyam mai kauri ya fi masa.

Ku da ake miƙa wa waya a ce ku yi oda a intanet, nauyin a kanku yake. Kada hoto mai ƙyalli ya ruɗe ku. Ku karanta bayanin: an rubuta cewa na fetur ne? Yana da mashaƙar iska a murfi? Mahaɗinsa ya dace da injin, Yamaha ne ko Suzuki? Wanda ya ƙi saka wa wayarsa batirin jabu don tsoron fashewa, bai kamata ya yi ciniki mai araha a kan lita 25 ta fetur da za ta zauna kusa da mata da yara ba.