Ranar da muka ba kunu maki a makarantarmu

Wani ƙanena da ke karatu a Beljiyam ya turo min hoto kwanakin baya: mutane zaune a teburi, gaban kowa ƙananan kofuna da takarda da biro. Ya ce daren ɗanɗana giya ne, irin wadda ƙananan masu sana'a ke dafawa, ba ta manyan kamfanoni ba. Kowa ya shinshina, ya kurɓa, ya rubuta maki: launi kaza, ƙamshi kaza, ɗanɗano kaza. Shi dai ya ce rakiya ya yi, ruwa ya sha, na kuma karɓi zancensa. Giya haramun ce, ba ta da mazauni a gidajenmu, wannan ba abin jayayya ba ne. Abin da ya tsaya min a rai daban ne. Mutanen nan sun riƙe abin da kakanninsu ke dafawa da daraja, har UNESCO ta sa al'adar giyar Beljiyam cikin gadon ɗan Adam a 2016. Mu fa a Damagaram, yaushe rabon da wani ya zauna ya tambayi kunun wa ya fi na wa?

Da na kawo maganar a taron iyayen yara na makarantarmu, dariya aka fara yi. Wani dattijo ya ce, "Mushe, kunu ma sai an yi masa jarrabawa?" Daga baya aka yarda a gwada. Ran Asabar bayan la'asar muka kira matan da ke sayar da abin sha a bakin ƙofar lakwal, kowace ta zo da nata. Muka zuba a kofuna masu lamba, babu suna, muka zaunar da iyaye da malamai gefe guda, ƴan aji shida gefe guda.

Ga abin da harshena ya gaya min. Kunun tsamiya mai lamba uku shi na ba tara cikin goma: gero ya ji surfe, tsamiyar ba ta yi kaifi ba, cittar kuma sai ka haɗiye take gaishe ka. Furar lamba biyar na ba ta huɗu, don da madarar gari aka dama ta, ba nonon Fulani ba, tana kama dasashi kamar alli. Tukuɗin da wata baiwar Allah ta kawo, da dabino da cuku, ya ci takwas, ko da yake wannan abinci ne, yaro ya sha kofi guda sai barci a aji. Zoɓo mai lamba biyu kuwa, wanda yara ke kira bisab, uku na ba shi. Ja ne jawur, ga ƙamshin abarba na kwalba, amma ɗanɗanon zoɓon kansa sai dai ka yi cigiyarsa, sukari ya binne shi.

Da aka tattara takardun yara, wannan zoɓon ne ya zo na ɗaya, da tazara mai yawa. Kunun tsamiyata ya zo na ƙarshe. Wata yarinya ta rubuta a gefen takardarta wai yana warin magani. Kanumfari take nufi. Shekararta goma sha biyu a garin nan, ba ta san kanumfari ba!

Ban ga laifin yaran ba. Harshe ma koya masa ake yi, kamar karatu. Yaron da tun yana goye ake ɗura masa lemon kwalba da garin jus na leda, duk abin da bai kai wannan zaƙin ba lami ne a bakinsa. Mai sayarwa kuma ba za ta yi gardama da mai dala goma a hannu ba. In ta rage sukari, yaro ya wuce wajen maƙwabciyarta. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, wato wajen giram 50 ga babban mutum, in an rage zuwa 25 ya fi. Gwangwanin lemo ɗaya na santilita 33 yana ɗauke da wajen giram 35. Mun tambayi mai zoɓon nan nawa take zubawa, ta nuna mana kwanon awonta, sai da wata uwa ta dafe ƙirji.

Wadda ta ceci yinin ita ce wata tsohuwa daga Birni, mai kunun zaƙi. Nata ya zo na biyu a wajen manya, na uku a wajen yara, alhali sukarinta bai taka kara ya karya ba. Aka tambaye ta sirrin, ta ce, "Ƴaƴan nan, ai tsiro ne." Tana jiƙa dawa, ta rufe ta kwana biyu uku har ta tsiro, ta shanya, ta niƙa, ta zuba cikin gasarar da ta dama da ruwan zafi. Malamin kimiyyarmu ya miƙe tsaye don murna. Ya bayyana wa yara cewa ƙwayar da ta tsiro tana fitar da wani sinadari mai mayar da sitaci sukari, shi ya sa kunun ke zaƙi da kansa. Da wannan dabarar masu burkutu da Turawan can ke fara nasu aikin. Su sai su bar shi ya ruɓa har ya zama mai sa maye, mu kuwa a ranar muke shanye namu. Darasin da ake wahalar da yara da haddarsa cikin Faransanci, ga shi tsohuwa ta koyar da shi da ludayi.

Na san masu cewa a kori masu talla daga bakin makarantu gaba ɗaya, kuma damuwarsu ba ta banza ba ce. Kowa ya san halin ruwa a Zinder da bazara, in famfo ya ɗauke sai garuwa, sai ƙanƙarar da ba ka san da wane ruwa aka yi ta ba, sai gorar roba da aka tsinto. To amma in an kore su, yaro ba zai daina jin ƙishirwa ba. Zai tsallaka titi ya sayi abin da babu mai tambayar asalinsa, matar da ke ciyar da marayu da wannan tallar kuma ta koma gida hannu rabbana. A ganina gara a jawo su ciki. Shi ya sa muka ƙara layi na huɗu a takardar maki, bayan launi da ƙamshi da ɗanɗano: tsabta. Wane ruwa? An tafasa shi? Ina ake wanke gora? Kuma babu wadda aka kira sunanta a bainar jama'a don ta faɗi. Uwayen ƙungiya suka ja kowace gefe suka gaya mata.

Abin da nake roƙon shugabannin makarantu da ƙungiyoyin iyaye, daga Zango har Garin Malam, daga Mirya har Magarya, shi ne su gwada wannan sau ɗaya a zangon karatu. Kuɗin kofuna ne kawai. Mu dai mun sa rana ta biyu bayan hutu, kuma mai zoɓon nan ta yi alkawarin rage rabin kwano. Yarinyar kanumfari ita za ta riƙe takardar maki, na kuma ba ta aikin gida: ta je kasuwar Dole ta sayo kanumfari da masoro da kimba na dala biyar-biyar, ta zo ta bambance mana su ido rufe.