Zare: masu zuwa Mentawai hawan igiyar ruwa ana tsakar annoba

1/ Tun shekaranjiya wani bidiyo yake yawo a guruf ɗin ajinmu: wani bature a tsibiran Mentawai, yana sululu a kan igiyar ruwa, yana murna wai korona ta kore masa cunkoso, teku ta zama tasa shi kaɗai. Yaranmu sai tura wuta suke, "rayuwa kenan". Ni kam raina ne ya ɓaci.

2/ Zaren zai yi tsawo, wanda datarsa ba ta da yawa ya yi haƙuri.

3/ Mu fara da wurin, don na lura yawancin masu yabon ba su san ina ne ba. Mentawai tsibirai ne na Indonesiya, a yammacin Sumatra, kusan kilomita 150 daga birnin Padang. Manya guda huɗu ne: Siberut, Sipora, Pagai ta Arewa da Pagai ta Kudu. A 2020 mutanensu duka ba su kai 90,000 ba.

4/ A duniyar masu hawan igiyar ruwa, wurin nan kamar alƙibla ne. Daga Ostireliya, Amurka, Barazil ake zuwa. Igiyoyin har sunaye gare su, Macaronis, Rifles, Lance's Right. Mutum zai tara kuɗin shekara don ya yi kwana 10 a jirgin ruwa yana binsu ɗaya bayan ɗaya. Ba ni da matsala da wannan. Kowa da abin da yake so.

5/ Matsalata LOKACI ne. A Afrilun 2020 Indonesiya ta rufe ƙofa ga baƙi masu yawon buɗe ido. Amma an bar wata kafa: bizar kasuwanci. Sai dillalai suka mayar da ita sana'a. Ka biya, a nemo maka kamfanin da zai tsaya maka, ka shigo a matsayin ɗan kasuwa, alhali kayanka duka allunan hawan ruwa ne da man shafawa na rana.

6/ Wato tun daga filin jirgi tafiyar da ƙarya ta fara. Wace kasuwa kake ci a tsakiyar teku, malam?

7/ Kuma ku duba abin da ƙasar take ciki a damina ta 2021, daidai lokacin da igiyar Mentawai ta fi kyau. Nau'in Delta ya shigo. Ran 15 ga Yuli an samu sama da mutum 56,000 sun kamu a rana ɗaya. Ran 27 ga Yuli sama da 2,000 suka rasu, a rana ɗaya. Mutane na layi da tukwanen oksijin a titi, asibitoci sun kafa tantuna a farfajiya.

8/ A cikin wannan hali wani ya ɗaga kyamara yana cewa bai taɓa samun shekara mai daɗi kamar wannan ba. Ka je gidan makoki ka tarar falo babu kowa, sai ka miƙe ƙafa kana yaba sanyin wurin. Haba.

9/ Na san amsar farko, don an riga an jefo mini ita a guruf: "ai sun yi gwaji, sun killace kansu a otal a Jakarta." Gaskiya ne, doka ta tilasta hakan. To bayan otal ɗin fa? Jirgin sama zuwa Padang, mota zuwa tashar ruwa, kwana a gari, sannan awanni cikin jirgin ruwa da fasinjoji.

10/ Gwaji hoton rana ɗaya ne. Yana faɗa maka halin da kake ciki lokacin da aka sa maka tsinken a hanci, ba ya cewa komai kan wanda ka zauna kusa da shi washegari. Kuma cutar nan tana yaɗuwa kafin mai ita ya fara tari. "Na shiga ban ɗauka ba" ba ta fid da ɓarawo.

11/ Ga abin da ya fi damuna, kuma babu wanda ya ambata. Babban asibitin gwamnati na yankin yana Tuapejat, a tsibirin Sipora. Wanda yake cikin dajin Siberut sai ya bi kogi da kwalekwale, ya fito bakin teku, ya jira jirgi, in teku ta yarda. In abin ya fi ƙarfin Tuapejat, sai Padang.

12/ Yanzu ka ɗauki tsoho mai sarƙewar numfashi ka sa shi a wannan hanyar. Lissafa awannin da kanka.

13/ Shi kuwa baƙon yana da inshora, yana da waya, yana da ofishin jakadanci. Ba korona kaɗai ba ma: igiyoyin can a kan duwatsun murjani masu kaifi suke fashewa, ruwan kuma ba zurfi. Yankewa, karaya, fashewar kai, duk abin yau da kullum ne a wasan. In ya ji ciwo, gadon wa zai hau? Likitan da ya kwana uku bai runtsa ba shi zai bar masu numfashi da ƙyar ya zo ɗinke ƙafar mai nishaɗi.

14/ Bari in kai ku tarihi kaɗan, don tsibirai sun daɗe suna biyan kuɗin tafiyar wasu. Ran 7 ga Nuwamba 1918 wani jirgin ruwa mai suna Talune ya iso Apia, a Samoa ta Yamma, daga Auckland, da masu murar nan ta 1918 a ciki. Hukumar New Zealand da ke mulkin wurin ta bari aka sauka.

15/ Cikin wata biyu kimanin mutum 8,500 suka mutu. Sama da kashi ɗaya cikin biyar na al'ummar ƙasar. Jirgi ɗaya fa.

16/ Maƙwabciyarta, Samoa ta Amurka, gwamnanta John Poyer ya rufe tashar ruwa, ya hana shiga. Ko mutum ɗaya murar ba ta kashe a can ba. Yare ɗaya, jini ɗaya, teku ɗaya. Bambancin kawai wani ya ce a'a. Sai a 2002 Firaminista Helen Clark ta je Apia ta ba da haƙuri. Shekara 84.

17/ Shi ya sa da korona ta zo, ƙasashe irin su Tonga suka garƙame tun Maris 2020, ba su ga mai cutar ko ɗaya ba sai ƙarshen Oktoban 2021. Ba tsoro ne na jahilci ba. Kakanninsu ne a kaburburan.

18/ Amsa ta biyu ta fi ƙarfi, kuma ba zan yi kamar ban ji ta ba: "mutanen wurin da yawon buɗe ido suke ci, in baƙi ba su zo ba yunwa za ta kashe su." Akwai gaskiya a ciki. Matuƙin kwalekwale, mai dafa abinci, mai wanki, duk sun shiga wani hali. Mu da muka ga kullen Kano a 2020 ba sai an ba mu labarin yunwar kulle ba.

19/ Kuma ba duk masu wasan ne marasa zuciya ba. Ƙungiyar SurfAid ma wani likita ɗan New Zealand, Dave Jenkins, ya kafa ta a 2000, bayan ya je hawan ruwa a Mentawai ya ga yara na mutuwa da cututtukan da ake iya karewa. Na ba su wannan.

20/ Amma ku bi kuɗin ku gani. Da yawan baƙin nan tun daga ƙasarsu suke biyan kuɗin tafiyar, a jirgin haya suke kwana, a ciki suke ci, kayan abincin ma daga Padang ake lodawa. Da yawan jiragen da masaukan alfarma ba na 'yan tsibirin ba ne. Abin da ke sauka ƙauye ɗan kaɗan ne: albashin leburanci da harajin hawan ruwa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

21/ In da gaske tausayin matuƙin kwalekwale ne ya dame ka, kuɗin tikitinka kaɗai zai riƙe gidansa watanni. Tura masa, ka zauna a gida. Ba ka tura ba, ka zo da kanka da allonka. To ka faɗi gaskiya, igiya ka zo nema. Kar ka naɗe son ranka da rawanin sadaka.

22/ Kuma "ai su suka ce mu zo" ba hujja ba ce. Mai jin yunwa zai ce ka zo ko da me ka taho. Wanda yake da zaɓi shi ne mai ƙoshi, nauyin a kansa yake.

23/ Yanzu ga inda abin ya taɓa mu. A 2020 Saudiyya ta hana alhazan waje zuwa Hajji. A 2021 ma haka, mutum 60,000 mazauna ƙasar kawai. Kakata ta sayar da shanunta biyu ta biya kujera, shekara biyu tana jira, ba ta ce uffan ba sai "Allah Ya sa da rabo". Rukunin addini guda aka dakatar don kare rayuka. Amma hawan igiyar ruwa ba zai iya jira ba?

24/ Mu kam ƙa'idar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Tun a Islamiyya aka koya mana cewa ba a shiga garin da annoba ta sauka, wanda ke ciki kuma ba ya fita. Sayyidina Umar da kansa ya juya da tawagarsa a hanyar Sham da ya ji labarin annoba a can. Sai ga mu yau muna tafa wa wanda ya yi akasin haka don bidiyonsa ya yi kyau.

25/ Sannan ku tuna ƙarshen 2021. Masanan Afirka ta Kudu suka gano Omicron, suka sanar da duniya, sakayyarsu aka rufe musu ƙofa. Ran 6 ga Disamba Ingila ta sa Najeriya a jerin ja. Ɗalibanmu, marasa lafiyarmu, masu zuwa biki da jana'iza, duk suka maƙale, ko su biya kuɗin otal na killacewa da ya fi kuɗin makarantata na shekara huɗu.

26/ A lokacin, mai koren fasfo, ko da rigakafi biyu a hannunsa, haɗari ne. Mai fasfon can kuwa, ya ratsa ƙasa uku ya shiga tsibirin da asibitinsa bai taka kara ya karya ba, sunansa "mai ƙarfin hali". Kwayar cutar ba ta karanta fasfo, mutane ne suke karantawa.

27/ Wani ya shigo mini ta akwatin saƙo wai hassada ce, don ban taɓa ganin teku ba. Ɗan'uwa, na gani, sau ɗaya, a Legas, kuma ban shiga ba don ban iya iyo ba. Ka ci wannan. Yanzu dawo ka amsa mini lamba 11 da 13.

28/ Ba cewa nake kar kowa ya sake zuwa Mentawai ba. Igiyar tana nan, tun kafin a ƙera allon farko take fashewa a kan murjanin nan. In rigakafi ya kai ƙauyukan Siberut, in hukumar yankin da mutanenta suka buɗe ƙofa ta gaba, ba ta taga ba, a je da biza ta gaskiya, a kwana a masaukin ɗan gari, a biya shi hannu da hannu.

29/ Wanda ya turo bidiyon a guruf, na san kana karantawa. Gobe bayan lacca ta ƙarfe 8 ina bakin mai shayi, ka zo da hujjarka. Kai za ka biya.