HARKOKIN CINIKI: Takardar Lamunin Banki Iri-Iri Ce

A cikin watan Janairu na 1824 wani Bature matafiyi mai suna Clapperton ya sauka a birnin Katagum, zamanin Sarki Ɗan Kauwa, ya tarar mutanen garin suna ciniki da wuri. A wancan zamani mai saye da mai sayarwa suna ganin juna ido da ido, in kuwa bashi ya shiga tsakani, mai masaukin falke shi ke tsaya masa. Yau kuwa, shekara ɗari da 'yan kai bayan sarautar Katagum ta ƙaura zuwa Azare a 1916, riɗin da ake aunawa a kasuwannin Azare da Gamawa yana ƙarewa ne a Japan ko Turkiyya ko ƙasar Sin. Mai riɗi bai san mai saye ba, mai saye bai san shi ba. Wannan yana tsoron ya saki kaya kuɗi su maƙale, wancan yana tsoron ya saki kuɗi kaya su ƙi zuwa.

Maganin da duniyar ciniki ta samo wa wannan tsoro shi ne takardar lamunin banki, wadda ma'aikatan banki ke kira elsi a taƙaice. Bankin mai saye ne ke rubuta ta, yana alkawarin biyan mai sayarwa muddin ya kawo takardun da aka zayyana: takardar lodin jirgi, da ta farashi, da ta inshora, da shaidar ingancin kaya. Ƙa'idojin da yawancin bankunan duniya ke bi kan wannan sha'ani Majalisar Ciniki ta Duniya da ke birnin Paris ce ta tsara su tun 1933, kuma bugun da ake aiki da shi, watau UCP 600, ya fara aiki ran 1 ga Yuli 2007. Tushen ƙa'idojin ɗaya ne: banki takardu yake dubawa, ba ya kwance buhu. Amma fa kama da wane ba wane ba ne, gama takardar lamuni iri-iri ce, kowace iri kuwa da wanda take ɗora wa asara idan ciniki ya ɓaci.

Bambanci na farko shi ne tsakanin wadda ake iya sokewa da wadda ba a iya sokewa. Ta farkon ba ta da wani amfani ga mai kaya, tunda banki yana iya janye ta ba tare da ya shawarce shi ba. Saboda haka ƙa'idojin 2007 suka ce kowace takarda marar sokuwa ce, ko da ba a rubuta haka a jikinta ba.

Bambanci na biyu ya fi wannan nauyi, watau tsakanin takardar da banki na biyu ya tabbatar da wadda isar da ita kawai ya yi. In banki na biyu ya tabbatar, ya ɗauki nauyin biya da kansa ko da bankin farko ya gaza. In kuwa isarwa kawai ya yi, to shi ɗan aike ne, ba ruwansa da bashi. Nijeriya ta koya wa duniya wannan darasi a 1975. A shekarar nan gwamnatin Janar Gowon ta ƙulla yarjejeniya 109 da kamfanoni 68 don sayen siminti fiye da tan miliyan 16, alhali kuwa tashar Legas ba ta iya sauke abin da ya wuce kimanin tan miliyan ɗaya a shekara. Jirage sama da 400 suka yi cirko-cirko a bakin teku. Babban Bankin Nijeriya ne ya ba da takardun lamunin, da yawa daga cikinsu kuwa bankin Morgan Guaranty na New York isar da su kawai ya yi, bai tabbatar ba. Da gwamnati ta tsayar da biya, masu siminti ba su da bankin da za su kama sai Babban Bankin kansa, sai aka shiga kotuna. A 1977 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila ta yanke hukunci a shari'ar kamfanin Trendtex cewa Babban Bankin ba zai fake da rigar gwamnati ya kauce wa ƙara kan alkawarin ciniki ba. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah: ɗan kasuwar Azare ba shi da ƙarfin yin shekaru yana shari'a a ƙasar waje, don haka kuɗin tabbatarwa da banki zai caje shi ba asara ba ne.

Sai batun lokacin biya. Akwai takardar biya nan take, wadda da zarar banki ya ga takardu daidai sai ya saki kuɗi. Akwai kuma ta jinkiri, wadda ake biya bayan kwana 60 ko 90 ko 180. Wanda ya karɓi riɗin manoma bashi da kaka, suna jiran kuɗinsu, lalle ya lura da wannan. Yana iya sayar wa banki takardar jinkirin ya karɓi kuɗi da wuri, amma sai an zabtare wani abu daga ciki.

Yawancin 'yan kasuwar ƙasar Katagum ba su ke loda wa jirgi kaya da kansu ba, suna sayar wa manyan dillalai ne a Kano ko Legas. Iri biyu sun shafe su kai tsaye. Ɗaya ita ce takarda mai sauyuwa, wadda dillali ke iya mayar da ita, duka ko wani sashe, ga sunan wanda ya tara masa kaya, amma sai an rubuta a jikinta cewa mai sauyuwa ce, kuma wanda aka mayar wa ba ya iya miƙa ta ga mutum na uku. Ɗayar kuwa ita ce takarda bisa takarda: dillali ya jinginar da wadda aka aiko masa, bankinsa ya buɗe wata sabuwa da sunan mai kaya. Kowace daga cikin biyun ta fi alkawarin baka na "sai kuɗi sun shigo".

Akwai kuma takarda mai jan sharaɗi, wadda ta samo sunanta daga jan tawadar da ake rubuta sharaɗin da ita a dā. Ita tana ba mai sayarwa damar karɓar wani kaso na kuɗi tun kafin lodi, don ya shiga ƙauyuka saye. Dattawan da suka ga zamanin gyaɗa za su tuna yadda manyan 'yan kasuwa irin su Alhaji Alhassan Ɗantata ke ba wakilansu jari kafin kaka. Bambancin shi ne a nan mai saye na ƙasar waje ke ɗaukar kasadar. Takarda mai maimaituwa kuwa ta dace da wanda ke aika kaya wata-wata ga mutum guda, gama tana sabunta kanta ba sai an buɗe wata ba. Ta ƙarshe ita ce ta ko-ta-kwana, wadda ba a taɓa ta sai ranar da mai saye ya kasa biya. Wanda ke gudun kuɗin ruwa kuma, bankuna irin su Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012, suna buɗe takardar lamuni bisa tsarin murabaha.

Kowace iri mutum ya zaɓa, takardu ne ke ci da shi ko su kā da shi. In takardar lamuni ba ta faɗi wani wa'adi dabam ba, kwana 21 yake da su bayan lodi ya miƙa takardunsa, banki kuma yana da kwanakin aiki biyar na dubawa. Kuskure a sunan kamfani, ko nauyin da ya saɓa tsakanin takarda da takarda, ko lodi bayan ranar da aka yanka, yana iya sa banki ya ƙi biya, ko da riɗin ya fi na kowa kyau. Haka kuma ba a fitar da kaya daga Nijeriya bisa ƙa'ida sai an cika fom ɗin NXP ta hannun banki.

Saboda haka duk ɗan kasuwar da aka aiko wa takardar lamuni, kafin ya ɗinke buhu ko ɗaya, ya kai ta ga wanda ya san aikin su karanta sharaɗi bayan sharaɗi: wane banki ya ba da ita, wa ya tabbatar, yaushe za a biya, waɗanne takardu ake nema. Abin da bai iya cikawa ba ya nemi a gyara tun motar kaya ba ta bar Azare ba.