Kafin Mu Hau Doki a Labari, Mu Leƙa Barga



Mu marubuta mun iya kwatanta doki ranar hawan Sallah: sirdi, linzami, likkafa, alkyabba. Amma ina yake kwana sauran kwanakin shekara? Nan alƙalaminmu yake yin shiru, kuma muna ganin wannan giɓi ne babba.

A Jega, Aliero da Maiyama, ƙasar Gwandu, magabata ba su kafa barga da ka. Suna zaɓen tudu mai ɗan gangare don ruwa da fitsari su wuce, saboda laima na ɓata kofato. A zuba yashi a ƙasa, a yi rumfa mai shan iska. A nisanta turke da turke, kada ingarmu su harbi juna. Harawa a ɗora ta sama, nesa da gara da danshi. Kashin ma ba a zubarwa, taki ne, kuma manomin albasa na Aliero ya san darajarsa. Har sarauta aka ware wa wannan aiki a fada: Shamaki.

Yau ana yanka filaye ƙanana, ana shafe tsakar gida da siminti, barga na ɓacewa. Idan ta tafi, kalmominta za su bi ta: dabaibayi, ragama, duƙushi, goɗiya.

Don haka kafin mu ɗora jarumi a kan doki, mu nemi mai kiwonsa, mu zauna, mu tambaya, mu rubuta. Wace kalmar barga kuka gada a garinku?