Kafin ka yi wa laftof ɗinka fomat, karanta abin da ta rubuta maka

Tun ranar 14 ga Oktoban 2025, da kamfanin Microsoft ya daina aiko wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na kyauta, wani zazzaɓi ya kama masu laftof a Ƙaura, Shinkafi da Zurmi. Kowa so yake a ɗora masa Windows 11. Wanda fim da WhatsApp kawai yake yi da tasa, da wuya ya ga wata illa. Da kai nake, ɗalibin kimiyyar kwamfuta a Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, da ke da kike koyon rubuta kod a gida ta shirin 3MTT ko ta YouTube. Jiya aikinka yana tafiya lafiya lau. Yau an sabunta maka na'ura, ka danna maɓalli, jajayen layuka sun cika allo, ga kare furojet saura sati biyu.

Na san abin da zuciyarka take raya maka: a sake fomat. Don Allah dakata.

Wani ƙanena ya yi haka. Ya kai laftof ɗinsa wajen wani mai gyara, aka ce masa ai ƙwayar cuta ce, aka share komai, babi uku na furojet suka bi ruwa. Da ya dawo gida ya kunna, saƙon nan dai yana nan daram, domin tun farko babu wata cuta. Kwamfaila ce babu a cikin na'urar.

Kwamfaila ita ce tafintar da take juya abin da ka rubuta da C ko C++ zuwa yaren da na'ura take ji. Code::Blocks da VS Code da kake gani, tebur ne kawai na rubutu. Tafintar daban take, kuma a Windows yawanci GCC ce da ke zuwa cikin MinGW. Yawancin laftof ɗinmu na hannu ne, tsofaffi, ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba, wato TPM 2.0 da injin Intel daga zubi na takwas zuwa sama. Saboda haka masu gyara sukan ɗora ta ne da fulash ta bayan gida, su share ta dā gaba ɗaya. MinGW ta tafi, adireshinta da ke cikin PATH ma ya tafi. Idan ka ga an rubuta "gcc is not recognized", ba na'urarka ce ta lalace ba, Windows ce take cewa ba ta san inda tafinta take zaune ba. Sake sauke Code::Blocks, amma ka zaɓi wanda akwai kalmar mingw a sunansa, ko ka nuna wa PATH jakar bin. Aikin minti goma ne.

Inda abin ya fi ciwo shi ne idan tafintar tana nan, amma ta ƙi karɓar kod ɗin da ta dā take karɓa. A nan sai mun gaya wa kanmu gaskiya. Har yanzu akwai takardun karatu da ke yawo a hannun ɗalibai ana kwafa ana sake kwafa, masu iostream.h da void main() da clrscr(). Wannan salon Turbo C++ ne na shekarun 1990, manhaja mai bit 16. Windows 10 mai bit 32 tana iya lallaɓa ta. Windows 11 kuwa bit 64 ce zalla, ba za ta ma buɗe ta ba sai an bi ta DOSBox. Ni a ganina lallaɓa Turbo a wannan zamani ɓata wa yaro lokaci ne, domin babu ma'aikatar da za ta ɗauke shi aiki da ita. Malaman da har yanzu suke ba da irin wannan darasi, da girmamawa, lokacin sake takardun ya yi.

Masu Linux ma ba su tsira ba. GCC 14 da ta fito a watan Mayun 2024 ta mayar da wasu gargaɗi zuwa kuskure kai tsaye. Dā idan ka kira wani aiki a C ba tare da ka gabatar da shi ba, misali ka manta string.h, sai ta yi ƙorafi ta wuce. Yanzu tsayawa take cak. Dokar ba sabuwa ba ce, tun ƙa'idar C ta 1999 aka hana, ido kawai ake kawar maka. Abin yi shi ne ka hau can sama ka karanta kuskure na farko, da lambar layin da ya ambata. Sauran hamsin ɗin da ke ƙasa galibi 'ya'yansa ne, kana gyara shi za su watse.

Sai batun memori, wanda a nan ne aka fi cin kuɗin mutane. Da an ga kalmar a allo sai a ce ram ta mutu, a sayo sabuwa. Tambaya ɗaya za ka fara yi wa kanka: a wuri ɗaya shirin yake faɗuwa kullum, ko yau nan gobe can?

Idan wuri ɗaya ne, kuma ana rubuta maka "Segmentation fault" ko Windows ta rufe shi ba sallama, to ka zargi kod ɗinka. Ka ware gurbi goma ka zuba abu goma sha ɗaya, ko ka yi amfani da manuni da ba ka nuna masa ko'ina ba. Za ka ce ai jiya yana aiki. Ƙwarai, sa'a ka ci. Tsohon tsarin ya ajiye kayanka kusa da fili ne, kana ƙetare iyaka babu wanda ya kula. Sabon ya ajiye su jikin katangar maƙwabci. Ɓarnar tana nan tun ranar da ka rubuta ta. Haɗa shi da -Wall da -g, idan kana Linux ka ƙara -fsanitize=address, za ta nuna maka layin da hannu.

Idan kuwa faɗuwar ba ta da wuri, wani lokaci kwamfailar kanta ce ke mutuwa, wani lokaci allon ya koma shuɗi, to yanzu kana da hujjar zargin ƙarfen. Rubuta mdsched a akwatin bincike na Windows ka bar ta ta gwada, ko ka sa MemTest86 a fulash ya kwana yana aiki. Kafin ka fitar da ko sisi, a cire sandar ram a goge a mayar. Ƙurar hunturu da zafin bazara na yankinmu ba ƙaramin aiki suke yi wa cikin laftof ba.

Akwai kuma wadda ba ta lalace ba, ta yi kaɗan ne kawai. Gigabayit 4 shi ne mafi ƙarancin da Windows 11 take nema, kuma ita kanta take cinye kaso mai tsoka kafin ka buɗe komai. Ka ɗora Chrome da shafuka ashirin, ka ce za ka kunna Android Studio da ke son aƙalla 8, ai ka ɗora wa jaki kayan raƙumi. A Linux alamarta ita ce kalmar "Killed" a tsakiyar aiki. Rufe burauza, ka haɗa da make -j1 maimakon layi huɗu a lokaci guda, ka ƙara swap.

Me ya sa muka ɗauki wannan da zafi har ya zama sharhin wannan mako? Domin kuskuren da ɗalibin Abuja zai gyara da yamma ɗaya, mu yana iya cin mana wata guda. Fayil ɗin Windows 11 kaɗai ya haura gigabayit 5, kai ka san kuɗin data da yadda sabis yake a Zurmi. Ɗan Shinkafi da zai ɗauki laftof zuwa Gusau neman gwani, ya san addu'ar da mahaifiyarsa take yi kafin ya hau wannan hanya. Kuma ba mu manta watan Satumban 2021 ba, da aka katse layukan sadarwa a Zamfara baki ɗaya saboda matsalar tsaro. Wanda bai ajiye kayan aikinsa a fulash ba a lokacin, zama ya yi ya naɗe hannu.

Shawararmu ba ta da daɗin ji ga masu son sabon abu: idan kana tsakiyar furojet, kada ka taɓa babbar manhajar na'urarka sai ka kare. Microsoft ɗin ma ya buɗe shirin ESU da zai ci gaba da ba Windows 10 gyaran tsaro har 13 ga Oktoban 2026 ga wanda ya yi rajista. Idan ka riga ka sabunta ta cikin Settings ba da fomat ba, kana da kwana 10 da za ka iya komawa baya, muddin ba ka goge jakar Windows.old ba. Kod ɗinka kuwa, tura shi GitHub yau, ka kuma aika wa kanka ta imel. Bai kai nauyin bidiyo ɗaya na TikTok ba.

Idan za ka nemi taimako a guruf ɗin ajinku, daina rubuta "kwamfutata ta ƙi aiki, a taimaka". Babu mai duba a cikinmu. Kwafo saƙon kuskuren yadda yake, ka faɗi Windows ɗin da kake kai, ka buga gcc --version ka turo abin da ya fito, sannan ka haɗo layin da aka ambata da biyar na samansa.