Koci ya tafi! Amma wa ke ihun, kuma wa ke jin sa?

1/ Jama'a, zare ne mai ɗan tsawo a kan Kano Pillars. Duk lokacin da ƙungiya ta shiga rami aka fara "koci ya tafi", sai ka ji ana cewa ai talakawa ne marasa haƙuri, masu ilimi ba sa haka. Ni dai ban yarda da wannan magana ba. Ku biyo ni a hankali. 🧵

2/ Mu fara da tuna wace ce Pillars. An kafa ta a 1990. Ta ɗauki kofin lig a 2008, 2012, 2013 da 2014. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, ta kai wasan kusa da na ƙarshe. A 2019 ta ɗauki kofin Aiteo a Kaduna.

3/ Wanda ya tashi yana ganin wannan, in ka ce masa ya yi haƙuri da canjaras a gida, kamar ka zage shi ne. To fushin kam kowa na yi. Inda aka bambanta shi ne ta wace ƙofa fushin kowa ke fita, kuma ƙofar nan aljihu ne ke zaɓa wa mutum ita.

4/ A ganina masoyan Sai Masu Gida kashi huɗu ne. Na farko, mai babbar riga da ke zama a inuwa, sashen manyan baƙi na filin Sani Abacha. In wasa ya ɓaci ba ya ihu, ba ya jifa. Sai a ce ya waye. Malam, me zai yi da ihu alhali yana da lambar waya?

5/ Pillars ta gwamnatin jiha ce. Gwamnati ke naɗa shugabanninta, gwamnati ke ba ta kuɗi. Wanda zai iya gaisawa da kwamishina a wurin ɗaurin aure ya ce "ranka ya daɗe, mutumin nan fa ba zai iya ba", ya gama zanga-zangarsa cikin minti biyu, hularsa ko motsi ba ta yi ba.

6/ Na biyu, mu 'yan boko masu data. A nan dai kowa ya san halinmu. Za mu kwana muna sauke kocin Manchester United, mu wayi gari muna naɗa na Chelsea, da lissafi da zane-zane. Ka tambaye mu 'yan wasa goma sha ɗaya da Pillars ta fara da su ranar Lahadi, sai kame-kame.

7/ Muna da bakin da za a ji, muna da Turancin rubuta takarda, mun san yadda ake karanta kasafin kuɗi. Amma duk mun kwashe wannan baiwa mun kai wa ƙungiyoyin da ba su san akwai wani gari wai shi Bichi a duniya ba. Fushinmu na ƙasar waje ne, shi ya sa ba ya ci mana komai.

8/ Na uku, mutumin da rana ke duka a fili. Ɗan adaidaita, mai faci, yaron shago a Kwari, ɗan dako a Singa. Ya rufe sana'arsa tun azahar, ya biya kuɗin shiga daga cinikin ranar, ya yi layi, an ture shi a ƙofa. Shi ne mai ganga, shi ne mai tuta, shi ake nunawa a hoto a ce Kano ta fi kowa cika fili.

9/ Wannan bawan Allah ba shi da lambar kowa. Ba a gayyatarsa taro, ba a tambayarsa ra'ayi in za a ɗauko koci. Abin da ya mallaka shi ne maƙogwaronsa da mintuna casa'in da kocin ke tsaye a gabansa. To ina kake so ya kai ƙorafinsa?

10/ Na huɗu, wanda kowa ke mantawa da shi: mutumin karkara. Ɗambatta, Makoɗa, Kunci, Tsanyawa, Ɓagwai, Minjibir. Matashin da ya wuni yana noman gero ko roron gyaɗa, da yamma ya kunna rediyo ya kara a kunne. Son da yake wa Pillars bai gaza na ɗan Fagge ba.

11/ Amma zuwa fili gare shi tafiya ce. Kuɗin mota zuwa birni da dawowa, kuɗin adaidaita daga tasha zuwa Ƙofar Mata, kuɗin shiga, sannan a tashi dab da magariba ya kamo hanya cikin dare. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, wannan lissafi ya ƙara nauyi.

12/ Ga shi yawancin wasannin ranar Lahadi ake yi, ranar da kasuwar Ɗambatta ke ci. Wa zai bar sayar da akuyarsa ko buhun wakensa ya tafi yi wa koci ihu? Da damina kuma ba a ma maganar, yini guda na noma ba ya ramuwa.

13/ Shi ya sa a ƙauye zanga-zangar ba ta da sauti. Yaro kawai zai daina kunna rediyon, ya ɗauki kuɗinsa ya shiga gidan kallo, ya zama ɗan Barcelona. Babu wanda zai ci Pillars tara a kan wannan, amma asarar ta fi ta kowace tara girma, don wanda ya tafi haka ba ya dawowa.

14/ Kun ga ke nan maganar "talaka ya fi saurin tayar da hankali" ba ta cika ba. Mafi talaucin cikin masoyan shi ne mafi shiru. Mai ihu shi ne na tsakiya: yana da abin da zai kai shi fili, ba shi da abin da zai kai shi ofis.

15/ Yanzu mu zo kan wanda ake yi wa ihun. Ku ƙirga masu horarwar da suka riƙe Pillars daga 2020 zuwa 2025: Lionel Soccoia ɗan Faransa, Ibrahim Musa, Salisu Yusuf, Evans Ogenyi, Abdu Maikaba, Usman Abdallah, Ogenyi ya sake dawowa, sai Mohammed Babaganaru.

16/ Duk waɗannan ba su iya ba ne? Maikaba ya ɗauki kofin Aiteo da Akwa United a 2017. Usman Abdallah ya ɗauki lig da Enyimba a 2019. Babaganaru shi ne ma ya ɗauko wa Pillars ɗin lig a baya. In gona ta ƙi duk irin da aka zuba mata, sai a duba ƙasar.

17/ Manomi ya fi kowa sanin wannan. In ba a kai taki ba, an yi shuka a makare, shanun huɗa sun rame, ba za ka tsaya a bakin gona da kaka kana zagin ɗan ƙwadagon da ya yi maka noman farko ba. Amma a ƙwallo haka muke yi duk shekara. An bar jaki ana dukan taiki.

18/ Dalili kuwa a fili yake. Koci ne ke tsaye a bakin layi inda ido ke ganinsa. Wanda ya tsara kasafi, ya sa hannu a sayen ɗan wasa, ya yanke ranar da za a fara atisaye, yana can sama, ko ma bai zo ba. Fushin mai ƙaramin ƙarfi inda hannunsa ya kai yake sauka.

19/ Kuma sallamar koci ta fi komai araha ga masu iko. Takarda ɗaya ce da sa hannu. Jama'a su huce, gidajen rediyo su samu abin tattaunawa na mako guda, a ɗauko sabo, a koma gidan jiya. Ihun talaka ya zama tsintsiyar da ake share wa manya ƙofar gida.

20/ Kar wani ya ce ina wanke masu jifa. Ba na wanke su, kuma ga lissafin abin da suka jawo. A 2019, a filin Agege da ke Legas, bayan wasa da Rangers aka yi hargitsi, aka dakatar da kyaftin Rabi'u Ali wasa 12.

21/ A Afrilun 2022, ƙungiya ta dawo gida bayan doguwar zama a Kaduna, aka farfasa motar Katsina United. Sakamako: an cire maki uku, an ci tara, an kora wasanninmu zuwa Abuja. A ƙarshen wannan kakar Pillars ta faɗa ajin gajiyayyu. Sai a 2023 ta dawo.

22/ A Oktoban 2025, Shooting Stars ta farke ƙwallo ana dab da tashi, aka tashi 1-1, mutane suka afka cikin fili, aka doki alƙalan wasa da baƙi. An sake cire maki uku, an sake cin tara ta miliyoyi, aka rufe filin, aka koma Katsina. Ba a daɗe ba aka dakatar da masu horarwa.

23/ To wa ya biya? Mai babbar riga ya shiga motarsa, Katsina ba ta yi masa nisa ba. Ɗan boko ya rubuta "abin kunya" ya koma kan Arsenal. Mai sayar da ruwa, mai rake, mai gurasa da mai tsire na bakin fili su ne suka rasa ciniki. Ɗan adaidaitan da ke kwasar 'yan kallo ma haka.

24/ Tarar kuma daga ina take fitowa? Ƙungiyar gwamnati ce, wato daga baitulmalin jiha mai ƙananan hukumomi 44. Manomin Kunci da bai taɓa taka filin Sani Abacha ba yana da kaso a kuɗin nan. Bai yi ihu ba, bai yi jifa ba, amma da shi aka biya.

25/ Ba a Kano kaɗai ake wannan rabe-rabe ba. A shekarar 2000 kyaftin ɗin Manchester United, Roy Keane, ya fito ya soki masu zaman ɗakunan alfarma na Old Trafford, cewa ciye-ciye ke kawo su, ba su san abin da ke gudana a fili ba. Masu inuwa a ko'ina halinsu ɗaya.

26/ A 2017 magoya bayan Arsenal har jirgin sama suka yi haya ya ja ƙyalle a sararin fili ana neman Arsene Wenger ya tafi. Ya tafi a 2018 bayan shekara 22. Jirgi ai ba abin talaka ba ne. Masu kuɗi ma na fusata, sai dai dutsensu na tashi da man jirgi.

27/ Misalin da ya fi burge ni na Liverpool ne. A Fabrairun 2016 masu ƙungiyar suka sa tikitin fam 77. Ana wasa da Sunderland, da minti na 77 ya yi, kimanin mutum dubu goma suka miƙe suka fice daga Anfield. Ba jifa, ba duka. Cikin 'yan kwanaki aka janye farashin tare da ba da haƙuri.

28/ Ku lura da abu biyu. Ba koci suka nufa ba, masu yanke hukunci suka nufa. Kuma ba haka kawai abin ya faru ba, ƙungiyoyin magoya baya ne suka tsara, ma'aikacin da ke cika fili da mai ilimin da ya iya rubuta sanarwa suka haɗa kai. Wannan haɗin ne babu a wurinmu.

29/ A Jamus ma akwai dokar da ake kira 50+1, wadda ta bar rinjayen ƙuri'a a hannun mambobi a yawancin ƙungiyoyi. Mai katin mamba yana da ranar da zai tashi a taro ya yi wa shugaba tambaya. Wanda ke da irin wannan rana bai cika buƙatar tsallake shinge ba.

30/ To me nake nema? Na ɗaya, a yi wa masoya Pillars rajista ta gaskiya da kati mai arha, a buɗe rassa har Bichi da Ɗambatta da Gezawa, kada abin ya tsaya a cikin ganuwa. Rediyo da waya sun isa a ji ra'ayin wanda ba zai iya zuwa ba.

31/ Na biyu, shugabannin ƙungiya su riƙa zama da magoya baya a bainar jama'a, ko da sau biyu ne a kaka. Ahmed Musa, wanda aka naɗa babban manaja a 2025, ya taka leda a Ingila da Rasha, ya ga yadda ake yi. Jama'a na jin maganarsa. In ya buɗe wannan ƙofa, za a shiga.

32/ Na uku, a faɗa mana tun farkon kaka: nawa aka ware, wa ya zaɓi 'yan wasa, me aka ce koci ya cim ma, zuwa yaushe. In ya gaza da kayan aiki a hannunsa, ya tafi, babu mai kuka. In kuwa fartanya marar ƙota aka miƙa masa, mu san wanda za mu tambaya.

33/ Ɗan majalisar jiha da ke wakiltar ƙaramar hukumarku ma yana da hurumin wannan tambaya, tunda kuɗin jama'a ne. Ku tura masa saƙo. Ba sai rijiya da kwalbati kaɗai ake tambayar ɗan majalisa ba.

34/ Na huɗu namu ne, 'yan jami'a. BUK, Northwest, Wudil, FCE Bichi, muna da yawa. Rabin ƙarfin da muke ɓatawa a kan kocin da ke Landan ya isa ya rubuta takardar koke, ya tsara ficewa cikin lumana, ya bibiyi kasafi. Mu daina leƙowa sai ranar da aka yi ɓarna mu zo yin wa'azi.

35/ 'Yan uwana na ɓangaren rana, ku ne Pillars, babu musu. Ku yi ihu, haƙƙinku ne. Ku juya baya, ku fice, ku ƙaurace wa wasa guda a ga fili wayam. Amma duk dutsen da ya tashi, maki uku yake ɗauke mana, kuma waɗanda ya kamata su amsa tambaya su ne ke samun mafaka a bayansa.

36/ Na san wasu za su ce ƙwallo ce kawai, ana fama da tsadar taki da masara wa ke ta koci. Haka ne. Sai dai mutanen da suka koyi tambayar inda kuɗin ƙungiyarsu ya shiga, gobe za su iya tambayar inda takin gwamnati ya maƙale.

37/ Nan zan tsaya. Mutanen karkara musamman, ina son jin ta bakinku: yaushe rabonku da filin Sani Abacha, kuma me zai mayar da ku? Wanda bai yarda da ni ba ya zo da hujja, ban da zagi. Allah Ya dawo mana da Pillars ɗin da muka sani. Sai Masu Gida. 💛💚